Me zai juya injin? Tambayar da ya kamata Sakkwato ta riƙa yi wa duk mai alkawarin wuta

A watan Satumba na 2023 gobara ta tashi a babbar tashar wutar lantarki ta kamfanin TCN da ke Birnin Kebbi, ta cinye manyan taransifomomi, jihohin Kebbi da Sakkwato da wani yanki na Zamfara suka faɗa cikin duhu. A watan Mayu na 2025 guguwa ta kayar da turakun layin da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, aka sake komawa gidan jiya. A duka lokutan biyu babu abin da ya lalace a cikin birnin Sakkwato kansa, amma daga Gawon Nama zuwa Mabera, daga Runjin Sambo zuwa Arkilla, fanka ta tsaya, firji ya huce, injin markaɗe ya yi shiru, sai ƙarar janareta a gidan mai hali.

Duk sa'ad da irin wannan ta faru, muhawarar matasa takan tsaya a kan wanda za a ɗora wa laifi: kamfanin Kaduna Electric mai rarraba wuta, ko gwamnatin jiha, ko Abuja. Neman mai laifi haƙƙi ne, sai dai wanda bai san yadda ake samar da wuta ba yana da sauƙin rufewa da baki. A ce masa an sayo injin megawat kaza, ya yi tafi, shekara goma ta wuce bai ga haske ba, kuma bai san tambayar da ya manta bai yi ba. Ilimin da ake buƙata a nan bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Janareta da mota, wato injin da wuta ke juyawa a cikin fanka da famfon ruwa, duk a kan doka ɗaya suke aiki, kuma wannan dokar ce ke bayyana dalilin da ya sa wutar Sakkwato take da rauni, take da tsada, take kuma ƙona kayan mutane.

Waya, mayen ƙarfe da motsi

A shekarar 1820 wani malamin jami'a a Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa idan wuta ta bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkata. Ma'ana, wutar da ke gudu cikin waya tana haifar da maganaɗisu, irin ƙarfin nan na mayen ƙarfe da yara ke tsinto allura da shi. Shekara guda bayan haka Michael Faraday a Landan ya yi amfani da wannan ƙarfi ya sa waya ta riƙa kewaya mayen ƙarfe, wanda shi ne kakan duk wata mota ta lantarki. A 1831 kuma ya gano ɗaya gefen al'amarin: idan aka motsa mayen ƙarfe kusa da naɗin waya, wuta takan taso a cikin wayar. Mayen ƙarfen da ke ajiye ba ya ba da komai, sai yana motsi.

Daga nan aka sami injuna biyu da suke tamkar Hassan da Husaini. Ka ba inji wuta ya ba ka juyi, ka sami mota. Ka ba shi juyi ya ba ka wuta, ka sami janareta. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon masu naɗin koyil ya ga cewa cikinsu kusan iri ɗaya ne: ƙarfe mai ramuka, wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe sau ɗaruruwa, da sandar tsakiya mai juyawa. Yawancin motocin da ke cikin fankoki da famfuna a yau zuriyar wadda Nikola Tesla ya yi wa rajista ce a Amurka a 1888, wadda naɗin wayarta ke samar da maganaɗisu mai kewayawa, shi kuma ya ja sandar tsakiya ta bi shi.

Akwai sharaɗi guda da ba a iya tsallakewa. Wutar da janareta ya samar ita ma tana haifar da nata maganaɗisun, wanda ke turjiya ga juyin da ya haife ta. Wanda ya hau keke mai dainamo ya san da an jingina shi da taya tuƙi yakan ƙara nauyi. Haka mai janareta ya san yadda injin ke nishi da zarar an kunna dutsen guga. Kowace fitila da aka kunna nauyi ce a kan sandar wani inji a wani wuri, kuma dole wani abu ya biya wannan nauyi, ko ruwa mai gangarowa, ko iskar gas, ko dizal, ko fetur. Babbar tashar wuta ba rumbu ba ce da ake tara wuta a ɗiba gobe. Abin da aka sha a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙar aka juya shi.

Garin da ke ƙarshen layi

Fankar da ke juyawa a wani ɗaki a Gawon Nama, idan wutar gwamnati ce, tana amsa juyin wasu farfeloli ne da ke nesa da ita ƙwarai. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 an gina ta da ƙarfin megawat 760. Ruwan kogin Neja ke faɗowa ya juya farfela, farfela ta juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya. Jebba da Shiroro da sabuwar Zungeru mai megawat 700 duk haka suke, su kuma tashoshin kudu, waɗanda su ne ke ba da kaso mafi girma na wutar ƙasa, iskar gas suke ƙonawa su juya tasu farfelar. Dukkansu a ɗaure suke da juna a kan kiɗa ɗaya, wuta tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Idan nauyin masu sha ya rinjayi ƙarfin masu juyi, injuna su fara sassautawa, na'urorin kariya su cire su ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace. Wannan shi ne abin da ake kira durƙushewar babban layin ƙasa, wanda aka sha gani a 2024. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba abin da galibi bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, don haka injunan kullum a bakin gaɓa suke.

Kason Sakkwato yana tasowa daga Kainji a kan layi mai matsin bolt 330,000 zuwa Birnin Kebbi, a sauke shi zuwa bolt 132,000 a miƙo shi nan, tafiyar da ta haura kilomita 400 a jimlace. Daga Birnin Kebbi ɗin ne kuma wani layi ke tafiya Yamai, wanda Nijeriya ta katse a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ta mayar a Maris na 2024. Dalilin ɗaga matsin wuta haka yana da sauƙin fahimta idan aka kwatanta waya da bututun ruwa. Akwai matsi, akwai kuma yawan abin da ke kwarara, ƙarfin aiki kuwa shi ne matsi sau kwarara. Waya tana ɗumama gwargwadon kwarara, kuma idan kwarara ta ninka biyu, zafin da ake asara yakan ninka huɗu. Shi ya sa ake ɗaga matsi sama a rage kwarara kafin doguwar tafiya. Taransifoma ce ke wannan aiki, ita ma da dokar Faraday: naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya, maganaɗisun na farko yana haifar da wuta a na biyu. Jan ƙarfen da ke cikinta da man da ke sanyaya ta su ne abin da ɓarayi ke nema idan sun fasa ta.

Duk da wannan dabara, dogon layi yana cin rabonsa, kuma garin da ke ƙarshe shi ke karɓar saura. Idan aka haɗa da taransifomar unguwa da aka girka wa gida hamsin amma yau take ɗauke da gida ɗari biyu, da siraran wayoyin da aka ja daga turke zuwa turke, sai wutar da ya kamata ta iso soket da matsin bolt 230 ta iso a gajiye. Ita ce wutar da kan sa ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka ta riƙa juyi kamar mai jin barci.

Harajin da ba a rubuta a takardar bil

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wuta mai ƙarfi ce kawai ke ƙona kaya. Ga mota, raunanniyar wuta ma makashiya ce, kuma a hankali take kisa. Injin markaɗe ko sumo da ke cikin rijiyar burtsatse yana da aikin da zai yi ko wuta ta cika ko ba ta cika ba. Idan matsi ya sauka, sai ya jawo ƙarin kwarara don ya cike gurbi. Ɗauki lissafi mai sauƙi: wutar da ta sauko daga bolt 230 zuwa 180 za ta sa motar da ke ɗauke da kaya iri ɗaya ta ja ƙarin kwarara kusan kashi 28 cikin ɗari, zafin da ke cikin wayarta kuwa ya ƙaru da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Abin da ke raba kowace waya da 'yar'uwarta a cikin koyil wani siririn fenti ne. Injiniyoyi suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi, cewa ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwar wannan fenti da rabi. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, motar ta riga ta fara aiki cikin zazzaɓi tun kafin wuta ta yi rauni.

Lokacin tashi ya fi haɗari. Motar da ke juyawa tana zama ɗan janareta a cikin kanta, tana haifar da matsin da ke tare wutar da ke shigowa, shi ne birkin da ke hana ta shan fiye da ƙima. Motar da ke tsaye ba ta da wannan birki, shi ya sa a daƙiƙar farko takan ja kwarara ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta kama gudu. Idan wuta ta cika, nan da nan take wuce wannan mataki. Idan ba ta cika ba, ƙarfin tashinta yakan faɗi warwas, a bolt 180 kusan kashi 40 cikin ɗari ya tafi, sai ta tsaya tana gunji ba ta juyi, wayar tana dahuwa. Gunjin da firji ke yi ya ɗauke, ya sake yi ya ɗauke, a daren da wuta ba ta da ƙarfi, kukan neman agaji ne.

Wanda ke biyan kuɗin wannan sananne ne. Mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, da matar da ke markaɗe a ƙofar gida, da mai walda, da telan da ya sa wa kekensa mota, da maigidan da sumonsa ya ƙone a tsakiyar bazara ya koma sayen ruwan 'yan garuwa. Gawon Nama maƙwabciyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ce, kuma duk unguwar da ke kusa da babban asibiti ba ta rasa shagunan magani da ɗakunan gwaji, inda firji ke riƙe da allurai da magungunan da zafi ke lalatawa. Hatta ruwan famfo na gari motoci ne ke tura shi, don haka matsalar wuta da matsalar ruwa a Sakkwato uwarsu ɗaya.

A nan ne tsarin farashin wuta yake da giɓi. Tun 2020 hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa yawan sa'o'i: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na rukunin A zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage. Awa ake ƙirgawa. Awa ashirin na wutar da ba ta iya tayar da firji, a takarda awa ashirin ce cif. Ƙa'idojin rarraba wuta sun iyakance yadda matsi zai kauce wa mizani, kuma mai shan wuta yana da damar kai ƙara ofishin kamfani, in bai gamsu ba ya wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC. Amma ƙorafin da ke tsayawa da ƙafarsa shi ne wanda ya zo da adadi. Ƙaramar na'urar auna bolt ba ta fi ƙarfin ƙungiyar matasan unguwa ba. Littafin da aka rubuta awa da matsin wuta safe da yamma na wata guda, gida goma a kan taransifoma ɗaya, hujja ce da ta fi zagi dubu a Facebook.

Injin da ke jiran abinci

Wanda ya gaji da wutar gwamnati yakan koma janareta, wato ya sayi ƙaramar Kainji tasa, sai dai maimakon kogi, fetur ne zai juya ta. Ƙaramin janareta dole ya riƙa juyi sau 3,000 a minti don ya ba da kiɗan nan na 50, ko fitila ɗaya aka kunna ko gida duka. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da zafin da ya kai kimanin yunit tara, amma abin da ƙaramin inji ke fitarwa a matsayin wuta yunit ɗaya ne zuwa biyu, sauran ya tafi a hayaƙi da zafi da ƙara. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, wannan asara ba ta cika ciwo ba. Idan lita tana naira 900, yunit ɗaya ya kama naira 450 zuwa 900, ban da baƙin mai da gyara. Talakan da ke ƙarshen layi ya fi attajirin rukunin A sayen wuta da tsada.

Wannan lissafi shi ne kuma ya dabaibaye tashar wuta mai zaman kanta ta jihar Sakkwato. Gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ce ta ba da kwangilarta a 2008, aka tsara ta ba da megawat 38. Wamakko ya sauka a 2015, Aminu Waziri Tambuwal ya yi shekara takwas, Ahmed Aliyu ya karɓa a 2023, kuma har zuwa wannan miƙa mulki, shekara 15 bayan sa hannu, tashar ba ta shiga ba wa gari wuta a kai a kai ba. An yi ta magana a kan kuɗin kwangila da jinkirin 'yan kwangila, kuma ya dace a ci gaba da bin diddigi. Amma ko da an ɗaure kusa ta ƙarshe, tambayar Faraday tana nan: me zai juya farfelar?

Injin tashar yana iya cin dizal ko iskar gas. Megawat 38 na tsawon awa 24 yunit 912,000 ne. Babban inji yakan ba da yunit uku zuwa huɗu daga litar dizal, ke nan ana buƙatar lita 228,000 zuwa 304,000 a kullum, kimanin tanka bakwai zuwa tara masu cin lita 33,000, kowace rana ta Allah. Tun ƙarshen 2023 litar dizal ta haura naira 1,000. Ko a kan naira 1,000 cif, kuɗin mai kaɗai na kowane yunit naira 250 ne zuwa sama da 330, ya zarce farashin rukunin A tun kafin a biya ma'aikata ko a sayi kayan gyara. Iskar gas ta fi araha, sai dai bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 a Kano ya tsaya, bai nufo Sakkwato ba. Ana iya kawo gas a manyan motoci, amma wannan yana buƙatar yarjejeniya mai tsawo da mai sayarwa, da wurin ajiya, da hanya mai aminci, da mai sayen wutar da zai biya a kan kari. Kamfanin siminti na Kalambaina yana iya riƙe tashar wutarsa ne saboda kuɗin man yana fita a cikin kuɗin buhu. Gwamnatin da za ta sayar wa gidaje dole ta faɗi wanda zai cike giɓin, da kuma daga wane aljihu.

Sauran hanyoyin ma kowace da nata sharaɗin. Madatsar Goronyo a kan kogin Rima an gina ta ne don noman rani da ruwan sha, kuma ƙarfin wutar ruwa ya dogara da tsawon faɗuwar ruwan da yawansa duk shekara. A 2018 ruwanta ya ja baya har hankalin hukumomi ya tashi. Iska tana iya juya farfela, kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta daɗe da gwada ƙaramin injin iska a ƙauyen Sayya Gidan Gada, amma tashar iska ta Katsina mai megawat 10 a Lambar Rimi, wadda ta ɗauki fiye da shekara goma ana jan ƙafa, ta nuna cewa kafa turaku ba shi ne ƙarshen aiki ba. Hasken rana ne kaɗai ya fita daga dokar juyi, domin farantin sola yana mayar da haske wuta kai tsaye ba tare da wani abu ya motsa ba, kuma Sakkwato tana cikin yankunan da suka fi samun rana a Nijeriya. Sharaɗinsa shi ne dare, wanda batir mai tsada ke cikewa. Shi ya sa ya fi dacewa da aikin da ake iya yi da rana a ajiye sakamakonsa, kamar ɗaga ruwa zuwa tanki, da ban ruwan fadama, da ƙanƙara, da niƙa.

Abin da ya sauya tun 2023

A da, gwamna yana iya ɗaga hannu ya ce wuta ta tarayya ce. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da jigilarta da rarraba ta ko a wuraren da babban layin ƙasa ya kai, a watan Yuni na shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta ba jiha damar kafa hukumarta ta kula da kasuwar wuta. Uzurin ya ragu, nauyin ya matso kusa da gida, zuwa majalisar dokokin jiha da fadar gwamnati.

Zaɓen 2027 yana tafe, kuma alkawarin wuta ba zai rasa fitowa a kan kowane dandamali ba. Matashin da ya fahimci cewa megawat ɗin da aka rubuta a jikin inji iyakar abin da zai iya ne idan an ciyar da shi, yana da tambayoyi huɗu da zai riƙe. Me zai juya injin, kuma an sa hannu da mai kawo shi? Nawa yunit ɗaya zai kama, wa zai biya bambancin? Ta wace waya da wace taransifoma wutar za ta iso unguwa, da matsin bolt nawa? In layin Kainji ya sake faɗuwa, waɗanne wurare ne za su ci gaba da samun wuta, asibiti da gidan ruwa suna ciki? Ɗan takarar da ya yi aikin gida zai amsa da lita da naira da kilomita. Wanda bai yi ba zai koma maganar megawat, kuma Sakkwato ta riga ta ji wannan tun 2008.